Wane Littafi Za a Miƙa wa Ɗan Gumel?

Aikin mai kula da ɗakin karatu bai tsaya ga jera littattafai a kanta da rubuta sunan wanda ya ara ba. Nauyinsa na gaskiya yana sauka ne sa'ad da ɗalibi ya tsaya ya ce, "Malam, me zan karanta?" Amsar da aka ba shi hukunci ce, domin littattafan farko su ke nuna wa yaro inda tarihi ya faru, da kuma ko garinsu yana cikin lissafi. Abin da nake son kafawa shi ne: a ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, jerin littattafan da muka gada yana da albarka, amma ya karkata, kuma mu masu riƙe da kantocin ne ya wajaba mu daidaita shi.

Jerin nan daga Zariya ya taso. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya Magana Jari Ce ya biyo. Ba na jinkirin miƙa waɗannan ga kowane yaro, don a ganina har yau babu wanda ya kai Imam iya zaunar da jimlar Hausa. Matsalar tana kantar tarihi. Abin da ke kanta kusan duka labarin jihadin 1804 ne: Shehu Usmanu, da masu tuta, da yadda Kano da Katsina da Zazzau suka shiga hannu. Labari ne babba, wajibi ne a san shi. Sai dai Gumel ba ta karɓi tuta ba. Mangawa ne suka kafa sarautarta wajen 1750, ta yi mubaya'a ga Barno, ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba. A 1845 aka taso da fadar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa inda take a yau, kuma ta sha gwabzawa da Haɗeja da Damagaram. Ɗalibin Gumel da bai karanta komai ba sai tarihin daular Usmaniyya zai tashi yana zaton kakanninsa 'yan kallo ne.

Saboda haka, ga mai neman tarihi nakan fara da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ba don ya yi magana a kan Gumel ba, sai don a cikinsa aka adana wasiƙun da suka gudana tsakanin malaman Sakkwato da Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Barno. A nan ɗalibi zai ga malamai biyu, kowa da hujjarsa daga littafi, suna jayayya kan halaccin yaƙar Barno. Wanda ƙasarsa ta tsaya a ɓangaren Barno yana da haƙƙin jin hujjar ɓangaren nan daga bakin mai ita.

Bayansa sai Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya bayyana garin a matsayin babbar kasuwar kanwa, inda fatake ke ɗaukar kaya daga wajen Barno su nufi ƙasar Nupe. Shafukan ba su da yawa, amma suna sauya tunanin mai karatu: abin da ake kira bakin iyaka yau, a da tsakiyar hanya ne. Duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ya ga raƙuma da shanu daga Nijar da masu saye daga kudancin Nijeriya, ya ga ragowar abin da Barth ya gani. Akwai kuma littafin André Salifou na 1971 kan sarautar Damagaram, da na Hogben da Kirk-Greene na 1966 kan masarautun Arewa, wanda ya ware wa Gumel nata gurbi.

A nan ciwon yake. Barth da Jamusanci da Ingilishi ya fito, Salifou da Faransanci ya rubuta. Manomin Gagarawa da ya iya karatun boko da Hausa, ko matar aure a Sule Tankarkar da ta yi ajin yaƙi da jahilci, tarihin ƙasarsu yana kulle cikin harsunan da ba su ji.

A fagen ƙagaggun labarai, littafin da na fi so matasan nan su karanta shi ne Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982. Labarin attajiri ne ɗan fasa-ƙwauri da yadda kuɗinsa ke sayen hukuma. Saurayin da ya girma yana jin zancen kwastan da hanyoyin daji ba ya bukatar a yi masa sharhi. Zai yi gardama da marubucin, kuma gardamar nan ita ce karatu. Ina kuma tare da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. An zarge su da ɓata tarbiyya, har an ƙona wasu a Kano a 2007, amma su ne suka riƙe dubban mata a kan karatu bayan an rufe musu ƙofar makaranta. Ɗakin karatun da ya ƙi su ya kori masu karatunsa mafi naci.

Za a iya cewa wannan tsukewa ce, wai ana so a ɗaure yaro a turken garinsu. Hujjar tana da ƙarfi, amma jerin da na kawo da kansa ya amsa ta. Wanda ya bi sawun kanwa daga Gumel sai ya isa Barno da Nupe, wanda ya bi Shaihu Umar sai ya ƙetare Sahara. Farawa daga gida ba ya hana nisa, yana dai ba mai tafiya abin da zai gwada sabon wuri da shi.

Saura wani ɗakin karatu da kundinmu bai lissafa ba, wato gafakar alarammomi. Tsangayun wannan yanki suna kan tafarkin karatun Alƙur'ani na Barno, kuma a gidajen malamai akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami waɗanda gara da ɗigon damina ke ci a hankali. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa tana nan cikin Gumel, da malaman Hausa da Larabci da tarihi. Aiki biyu ba su fi ƙarfinta ba: a fassara shafukan Barth da suka shafi Gumel zuwa Hausa a ɗan littafi mai araha, sannan a bi gidajen malamai, da yardarsu da ta fada, a ɗauki hoton takardunsu a bar musu asalin a hannunsu.