Kano, Zangon Jiragen Sama

Tun zamanin da ayarin raƙuma ke ƙetare Hamada daga Tarabulus, Kano zango ce. To, da jirgin sama ya zo, shi ma bai sāke mata wannan matsayi ba.

A cikin watan Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, waɗansu jirage 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar, suka biyo ta Hartum da Fallomi, suka sauka a Kano. A lokacin nan babu filin jirgi, sai suka sauka a filin da ake wasan dawaki. Sai a 1936 jiragen fasinja suka fara zuwa a kai a kai daga Hartum, suna ɗauke da mutane da wasiƙu.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ɗaukaka filin. Daga 1940, a kan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri, har Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya.

Bayan yaƙi sai al'amari ya ƙara bunƙasa, don kuwa jiragen wannan zamani ba su iya ɗaukar man da zai kai su daga Turai zuwa Afirka ta Kudu. Tilas su yada zango, su sha mai, a duba injuna, fasinja su ci abinci. Ga Kano a bakin Hamada, ga fili shimfiɗe. Saboda haka aka buɗe sabon ginin fasinja a 1957, har da mai kakaki bisa raƙumi, wanda kan busa in jirgi zai sauka.

Filin yana arewa da birni, yana da titin sauka 2. Babban ya ɗara mil 2 tsawo, shi jiragen fasinja ke hawa. Ƙaramin kamar mil ɗaya da rabi ne, yawanci jiragen soja ke amfani da shi. Daga bisani aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Amma fa abin da ya jawo wa Kano wannan arziki shi ne gazawar jiragen da. Da aka ƙera manyan jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta bisa birnin ba su sauka. Kamfanoni suka janye ɗaya bayan ɗaya, har KLM na Holan, wanda ya daɗe yana zuwa, ya daina a 2012. Alhazai da fatake su suka riƙe filin.

Ka ga ke nan, mai karatu, zango ba ya tsare matafiyi. Garin da ke so jirgi ya sauka, sai ya tanadi hajar da za a zo ɗauka.