FASHIN BAƘI: Kason gurabe a jami'o'in Indiya da zanga-zangar ɗaliban da ta kasa kashe shi

A akasarin jami'o'i da manyan cibiyoyin karatu mallakar gwamnatin tarayyar Indiya, cikin kowane gurabe 100 na sabbin ɗalibai, 59 da rabi a keɓe suke tun kafin a zauna jarrabawa. Gurabe 15 na 'yan Dalit ne, waɗanda a da ake ƙyamar ko taɓa jikinsu. Bakwai da rabi na ƙabilun Adibasi ne mazauna dazuzzuka da tsaunuka. Gurabe 27 na rukunonin da doka ta kira "sauran waɗanda aka bari a baya" ne, da ake taƙaita sunansu da OBC. Goma kuma na talakawan da ba su cikin ko ɗaya daga waɗannan rukunoni. Ragowar 40 da rabi ne kowa ke kokawa a kansu da makinsa, har da 'ya'yan waɗanda aka keɓe wa nasu.

Sau biyu ɗalibai suka tsayar da ƙasar cak don adawa da wannan tsari, a 1990 da 2006. Ba su yi nasarar soke ko gurbi ɗaya ba. Abin da ya biyo bayan boren nasu shi ne tsarin ya ƙara faɗi, har ya kai ga rukunonin da suka fi kowa tsine masa su ma sun karɓi nasu kason.

Asalin da ake gado

Tsohon tsarin zamantakewar Hindu ya kasa mutane gida huɗu: Brahmin malaman addini, Kshatriya sarakai da mayaƙa, Vaishya 'yan kasuwa, sai Shudra masu aikin ƙarfi. Ƙasa da waɗannan akwai mutanen da ba a ma saka su a lissafi ba, waɗanda aka ɗora wa kwashe bahaya, jima da ɗaukar mushe. Su ne 'yan Dalit na yau. A rayuwar yau da kullum kuwa, abin da ke aiki shi ne jati, wato dubban ƙananan rukunonin asali da mutum ke gada daga iyayensa, yake aure a cikinsu, kuma ba ya fita ko da ya yi kuɗi ko ya yi digiri uku.

Kundin tsarin mulkin 1950, wanda B.R. Ambedkar, shi kansa ɗan Dalit, ya jagoranci kwamitin rubutawa, ya haramta ƙyamar taɓa jiki a Sashe na 17. Amma rigimar gurbin karatu ta kunno kai nan da nan. A 1951 Kotun Ƙoli ta soke rabon gurabe bisa asali da jihar Madras ke yi, bayan wata mace 'yar Brahmin, Champakam Dorairajan, ta kai ƙara kan shiga kwalejin likitanci. Gwamnatin Jawaharlal Nehru ba ta ɓata lokaci ba: a shekarar ta yi wa kundin gyaran farko, ta ƙara sakin layin da ya halatta yi wa waɗanda aka bari a baya tanadi na musamman. Tun daga nan aka kafa salon da har gobe ake bi, kotu ta toshe ƙofa, majalisa ta gyara kundi ta buɗe.

Akwai wani giɓi da ya shafi addini. Matsayin Dalit a doka na mabiya Hindu ne, sai Sikh da aka ƙara a 1956 da mabiya Buddha a 1990. Musulmi ko Kiristan da kakanninsa 'yan Dalit ne ba ya cikin kaso 15 ɗin nan, sai dai ya nemi kason OBC idan rukuninsa ya samu shiga jerinsu.

Mandal da gobarar 1990

Kason Dalit da Adibasi bai cika tayar da ƙura a matakin ƙasa ba, duk da cewa a jihar Gujarat ɗaliban likitanci sun yi bore a kansa a 1981, kuma wani boren na 1985 kan ƙarin kason OBC ya rikiɗe ya zama rikicin Hindu da Musulmi, ya kuma ci kujerar babban ministan jihar, Madhavsinh Solanki. Babbar gobarar ta taso ne daga wani rahoto da ya shekara goma yana shan ƙura.

A 1979 gwamnatin Morarji Desai ta kafa hukuma ƙarƙashin B.P. Mandal, tsohon babban ministan Bihar. A ƙarshen 1980 hukumar ta lissafa rukunoni 3,743 da ta ce an bari a baya, ta ƙiyasta cewa su ne kashi 52 cikin 100 na al'ummar ƙasar, ta kuma nemi a keɓe musu kashi 27. Gwamnatocin Indira Gandhi da Rajiv Gandhi suka jefa rahoton a aljihun tebur. Ranar 7 ga Agusta, 1990, Firaminista V.P. Singh ya sanar da majalisa cewa zai aiwatar da shi a ayyukan gwamnatin tarayya.

Sanarwar ba ta taɓa gurbin jami'a ba, amma ɗalibai ne suka fito, domin a Indiyar wancan lokaci aikin gwamnati shi ne abin da ake yin digiri dominsa. An rufe makarantu a arewacin ƙasar, an tare tituna, an ƙona motocin bas. Ranar 19 ga Satumba wani ɗalibin Kwalejin Deshbandhu da ke ƙarƙashin Jami'ar Delhi, Rajiv Goswami, ya zuba wa jikinsa mai ya cinna wuta a bainar jama'a. Bai mutu a ranar ba, ya rayu da ƙunar har 2004, amma hotonsa ya bazu a jaridu, matasa da dama suka kwaikwaye shi a garuruwa daban-daban, kuma gommai daga cikinsu sun rasa rayukansu.

Gwamnatin Singh ta faɗi a Nuwamban shekarar bayan jam'iyyar BJP ta janye goyon bayanta. Kason kuwa bai faɗi ba. A Nuwamban 1992 alƙalai tara na Kotun Ƙoli, a shari'ar Indra Sawhney, suka tabbatar da kashi 27 ɗin da sharuɗɗa biyu: jimillar abin da aka keɓe kada ta wuce kashi 50, sannan a cire masu maiƙon cikin OBC, wato 'ya'yan manyan jami'ai da masu babban samu. Iyakar samun da ake auna wannan da ita ta tsaya a rupee 800,000 a shekara tun 2017. Kotun ta kuma yi watsi da kashi 10 da gwamnatin Narasimha Rao ta so bai wa talakawan manyan rukunoni, bisa hujjar cewa talauci kaɗai ba ya zama dalili.

2006: likitoci a kan titi

Zagaye na biyu shi ne ya shafi shiga jami'a kai tsaye. Bayan wani gyaran kundi na 93, Ministan Ilimi Arjun Singh ya bayyana a Afrilun 2006 cewa kashi 27 na OBC zai shiga manyan cibiyoyin tarayya: cibiyoyin fasaha na IIT, na koyon gudanarwa na IIM, da cibiyar likitanci ta AIIMS da ke Delhi. Waɗannan su ne makarantun da ke fitar da injiniyoyin da kamfanonin Amurka ke rububi, don haka abin ya taɓa inda ke yi wa masu hali ciwo.

Ɗaliban likitanci ne suka ja gaba a ƙarƙashin ƙungiyar Youth for Equality. Bayan 'yan sanda sun lakaɗa wa masu zanga-zanga kulake a Mumbai a watan Mayu, ƙananan likitoci suka shiga yajin aiki, wasu ɗalibai suka fara yajin cin abinci a harabar AIIMS, marasa lafiya suka yi ta gararamba a asibitocin gwamnati. Sai da Kotun Ƙoli ta ba da umarni a ƙarshen watan kafin likitocin suka koma bakin aiki. Masana biyu, Pratap Bhanu Mehta da André Béteille, sun ajiye muƙamansu a hukumar ilimi mai bai wa firaminista shawara don nuna rashin amincewa da shirin.

Hujjar masu boren ita ce cancanta: me zai sa mai maki mafi yawa ya rasa gurbi, wanda ya gaza shi ya samu, saboda laifin da kakanni suka aikata? Hujja ce mai nauyi ga yaron da ya shekara biyu yana karatun dare. Sai dai salon zanga-zangar ya tona wani abu. Wasu ɗalibai sun riƙa sharar titi da goge takalma a gaban kyamara don nuna abin da kason zai mayar da su. Waɗannan kuwa su ne sana'o'in da aka tilasta wa iyayen 'yan Dalit shekaru aru-aru. 'Yan Dalit sun karanta saƙon sarai, kuma martaninsu shi ne cewa makin jarrabawa yana auna kuɗin darasin share fage da Ingilishin da aka taso da shi a gida kamar yadda yake auna ƙwaƙwalwa.

Mafitar da gwamnatin Manmohan Singh ta samu lissafi ce. Kafin sabon kason, gurabe 77 da rabi cikin 100 a buɗe suke ga kowa. Bayansa za su koma 50 da rabi. Don kada adadin buɗaɗɗun gurabe ya ragu, kwamitin Veerappa Moily ya ba da shawarar a ƙara yawan ɗaliban da kowace cibiya ke ɗauka da kashi 54 cikin 100. Haka aka yi. Kotun Ƙoli ta dakatar da dokar a 2007, sannan ta tabbatar da ita ranar 10 ga Afrilu, 2008. Masu boren sun sha kaye a kotu, amma sun tsira da gurabensu, ƙasar kuma ta samu faɗaɗar manyan makarantu da wataƙila ba za a yi ba in ba don matsin ba.

Shiga jami'a ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. A 2007 kwamitin Farfesa Sukhadeo Thorat ya ba da rahoton wariyar da ɗaliban Dalit da Adibasi ke fuskanta a AIIMS, daga ɗakunan kwana har wurin jarrabawar baka. A ranar 17 ga Janairu, 2016, Rohith Vemula, ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Hyderabad da aka kora daga ɗakin kwanan ɗalibai tare da abokansa huɗu, ya kashe kansa. Zanga-zangar da ta biyo baya ta ɗaliban ɗaya ɓangaren ce, masu cewa kason ya buɗe musu ƙofa amma ba a ba su wurin zama ba.

Lokacin da masu adawa suka koma masu nema

Daga 2015 iskar ta juya. Rukunonin manoma masu filaye da ƙarfin siyasa suka daina cewa a soke kason, suka koma cewa a saka su a ciki. A Gujarat wani matashi ɗan shekara 22, Hardik Patel, ya tara dubban ɗaruruwan 'yan Patidar a Ahmedabad a Agustan 2015, alhali Patidar ɗin nan suna cikin waɗanda suka fi zaƙewa a boren 1981 da 1985. A Fabrairun 2016 'yan Jat a Haryana suka yi tarzomar da ta ci kusan rayuka 30, suka kuma lalata magudanar da ke kai wa Delhi ruwan sha. 'Yan Maratha sun samu kaso a Maharashtra, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2021 saboda ya tsallake iyakar kashi 50.

Noma ya daina riƙe gida, aikin kamfani ba shi da tabbas, gurabe kuma sun yi kaɗan ƙwarai. Fiye da mutum miliyan biyu ke zana jarrabawar shiga likitanci ta NEET a shekara, suna neman gurabe da ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba. A irin wannan cunkoso, takardar shaidar asali ta fi gona daraja.

A Janairun 2019, watanni kaɗan kafin babban zaɓe, gwamnatin Narendra Modi ta yi gyaran kundi na 103 cikin 'yan kwanaki, ta keɓe kashi 10 ga marasa ƙarfi daga rukunonin da ba su da kaso. Ma'aunin talaucin shi ne samun da bai kai rupee 800,000 a shekara ba, adadin da mafi yawan gidajen Indiya ba sa ko kusantarsa. A Nuwamban 2022 alƙalai uku cikin biyar suka amince da gyaran. Abin da kotu ta ƙi a 1992 ta karɓa bayan shekara 30, iyakar kashi 50 kuma ta zama shinge mai ƙofa. Jihar Tamil Nadu dama tun 1994 take keɓe kashi 69 da kariyar kundi.

Mai karatu a Najeriya ba zai ji muhawarar baƙuwa ba, ganin ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Bambancin shi ne na Najeriya yana bin jihar asali, na Indiya yana bin jinin da aka haifi mutum da shi, kuma tambayar da ke damun tsarin biyu ɗaya ce: cikin waɗanda aka keɓe wa, wa ke cin gajiyar?

A Indiya an fara samun amsa. Hukumar Mai Shari'a G. Rohini da aka kafa a 2017 ta gano cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na rukunonin OBC ne suka kwashe kashi 97 na ayyuka da guraben karatun tarayya da aka keɓe, yayin da rukunoni kusan 1,000 ba su samu komai ba. A Agustan 2024 Kotun Ƙoli ta bai wa jihohi damar sake karkasa kason Dalit don ya kai ga na can ƙasa.

Duk wannan rabo ana yin sa ne a kan tsohon lissafi. Rabon da a wallafa cikakkiyar ƙidayar rukunonin asali tun 1931, zamanin mulkin Ingila, kuma daga ita Mandal ya ciro kashi 52 ɗinsa. Da jihar Bihar ta yi tata ƙidayar a 2023, sai ta gano cewa OBC sun haura kashi 63 na mutanenta, manyan rukunoni kuma ba su kai 16 ba. Ta ɗaga kasonta zuwa 65, Babbar Kotun Patna ta soke ƙarin a Yunin 2024. A Afrilun 2025 gwamnatin Modi, wadda ta daɗe tana jan ƙafa a kan batun, ta sanar da cewa za a tambayi kowane ɗan ƙasa rukunin asalinsa a ƙidayar jama'a mai zuwa.