Ƙarfen da Ba Ya Manta Siffarsa

A shekarar 1959, William Buehler yana aiki a ɗakin binciken makamai na sojojin ruwan Amurka da ke White Oak, jihar Maryland, inda ya haɗa nikel da titaniyom kusan daidai wa daida. A wani taro a 1961 aka zagaya da siririn yankin ƙarfen a lanƙwashe. David Muzzey ya kara masa wutar da yake kunna lofensa da ita, nan take yankin ya miƙe, ya koma siffarsa ta asali. Sunan Nitinol ya fito ne daga harufan ƙarafan biyu da na ɗakin binciken.

Ganowar ba ta ɗauki lokaci ba, ƙerawar ce ta ci shekaru. Narkakken titaniyom yana zuƙar oksijin da kabon, shi ya sa ake narka shi a tanderun da aka janye iskarsa. Awo kuwa ya fi wuya: ƙarin nikel kashi 1 cikin 100 kan sauya zafin da ƙarfen ke komawa siffarsa da kusan digiri 100, kuskuren da ya isa ya lalata narki guda. Siffar kanta sai an ɗaure ƙarfen an gasa shi a kusan digiri 500 take zauna.

Wannan wahalar ce ta sa kasuwa ta yi jinkiri. Kamfanin Raychem ya fara da mahaɗan bututun jirgin yaƙi F-14 wajajen 1970, wayar gyaran haƙora ta biyo baya. Sai a shekarun 1990 likitoci suka riƙa zura ragar Nitinol cikin jijiyoyin jini da suka toshe, zafin jiki yana buɗe ta.