Shayin matcha: Me ya fi gahawa da shi?

Matcha wani koren garin ganyen shayi ne da ake yi a ƙasar Japan, wanda a 'yan shekarun nan mutane da dama a Turai da Amurka suka rungume shi a maimakon gahawa.

Farin jininsa ya kai ga a shekarar 2024 wasu tsofaffin kamfanonin shayi na yankin Kyoto suka taƙaita yawan abin da mutum guda zai iya saya, saboda ƙarancinsa.

Shi dai wannan shayi tsironsa ɗaya ne da na baƙin shayin da ake sha da madara, da kuma koren shayin ƙasar Sin da ake dafawa a ƙaramar buta a majalisun Nijar da arewacin Najeriya. Bambancin yana wajen noma da sarrafawa.

Yadda ake yin sa

Kimanin mako uku zuwa huɗu kafin a tsinki ganyen, manoma kan yi wa itatuwan rumfa domin tare hasken rana. Hakan kan sa ganyen ya ƙara kore, ɗacinsa kuma ya ragu.

Bayan an tsinka sai a turara shi, a busar, a cire jijiyoyinsa, sannan a niƙa da dutse. Dutsen niƙa guda ba ya fitar da abin da ya wuce giram 30 zuwa 40 a cikin sa'a ɗaya, wanda hakan na daga cikin dalilan tsadarsa.

Tarihi ya nuna cewa wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ne ya koma Japan daga Sin da al'adar shan garin shayi a shekarar 1191. Garin Uji da ke kusa da Kyoto shi ne ya fi yin suna wajen noman sa.

Ba a tace matcha. Ana zuba kimanin giram biyu a cikin kwano, a sa ruwan zafin da bai kai ga tafasa ba, a burga da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa. Ke nan mai sha ganyen yake haɗiyewa ɗungurungum, ba ruwansa kawai ba.

Batun kafeyin

Babbar hujjar masu barin gahawa ita ce sinadarin kafeyin, wanda shi ne ke hana mai cin goro barci.

Matsakaicin kofin gahawa na ɗauke da kimanin miligiram 95 na wannan sinadari, yayin da kwanon matcha na giram biyu ke ɗauke da tsakanin miligiram 40 zuwa 90, gwargwadon ingancin ganyen. Ragi ne, amma ba mai yawa ba, kuma wanda ya cika cokali zai iya kamo mai shan gahawa.

Abin da gahawa ba ta da shi shi ne wani sinadari da ake kira tiyanin, wanda aka gano a ganyen shayi a Japan a shekarar 1949, kuma rumfar da ake yi wa ganyen ce ke sa ya yawaita a cikin matcha.

Wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa idan tiyanin ya haɗu da kafeyin, yana taimaka wa mutum ya tattara hankalinsa kan aiki. Masu shan matcha da dama kan ce ba sa jin rawar hannu da faɗuwar gaban da gahawa ke sa su. To sai dai akasarin gwaje-gwajen a kan mutane ƙalilan aka yi su, kuma sau da yawa tiyanin ɗin da aka ba su ya fi wanda ke cikin kwano guda.

Lafiyar zuciya

Koren shayi na ƙunshe da sinadaran katekin, musamman wanda ake kira EGCG, kuma da yake ba a zubar da ganyen matcha, mai shan sa kan samu kaso mai tsoka.

A shekarar 2006, masu bincike na Jami'ar Tohoku sun wallafa sakamakon bibiyar mutane fiye da dubu 40 da suka yi na tsawon shekaru 11. Sun gano cewa masu shan kofi biyar ko fiye na koren shayi a kullum ba su kai masu shan ƙasa da kofi guda mutuwa sakamakon cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ba. Ba su ga irin wannan bambanci ba a kan cutar daji.

Sai dai binciken a kan koren shayin da ake tacewa aka yi shi, kuma alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa shayin ne sanadi ba.

Ita ma gahawa ba abar yarwa ba ce. A shekarar 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ta daga jerin abubuwan da ake zargin suna haddasa cutar, sannan bincike da dama sun danganta shan ta da raguwar haɗarin ciwon suga da na hanta. Don haka wanda ya fi cin ribar sauyin shi ne mutumin da gahawa ke hana wa barci ko take tayar masa da zuciya.

Inda ake bukatar hattara

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce kada baligi ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu kuwa 200. Lissafin ya haɗa da matcha da gahawa da goro baki ɗaya.

A shekarar 2018 hukumar ta yi gargaɗin cewa miligiram 800 na EGCG a yini, idan ta hanyar ƙwayoyi aka sha, na iya taɓa hanta.

Haka kuma shayi na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, lamarin da ke da muhimmanci ga mata da yara masu fama da ƙarancin jini. Likitoci kan ba da shawarar a bar tazarar aƙalla sa'a guda tsakanin cin abinci da shan shayin.

A Japan ba a sa wa matcha sukari a bisa al'ada, amma yawancin wanda ake sayarwa a shagunan zamani haɗe yake da madara da sukari mai yawa.