Barikin Kamina da Bashin da Tamale Ke Bin Tarihi

Duk ranar 11 ga Nuwamba, tsofaffin sojojin Gana kan maƙala lambobinsu a ƙirji, a busa ƙaho, a yi tsit don tunawa da mazan da suka kwanta dama a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Babban taron a Akara ake yinsa. Amma duk wanda ya san inda aka ɗebo akasarin waɗannan mazaje ya san arewacin Gana ya fi kowa haƙƙi a wannan rana.

Kafin zuwan Turawa, Tamale ƙauyuka ce a ƙarƙashin Ya Na, sarkin Dagomba da ke Yendi, kuma Salaga ce garin da fataken goro suka sani. Abin da ya juya al'amura shi ne bindigar Jamus. Ranar 4 ga Disamba 1896, a Adibo kusa da Yendi, rundunar Jamusawa ƙarƙashin von Massow ta karya mayaƙan Ya Na Andani, ta wuce ta cinna wa Yendi wuta. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagomba biyu a kan takarda: Yendi ga Jamus, yammaci ga Ingila. Da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatarsu daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, garin ya tashi, zango ya cika da Hausawa da Mosawa.

To, ina Kamina ta shigo? Kamina wuri ne kusa da Atakpame a Togo, inda Jamus ta kafa ƙatuwar tashar wayar iska mai haɗa Berlin da yankunanta na Afirka da jiragenta na teku. Yaƙi na ɓarkewa a Agusta 1914, sojojin Gold Coast, wato Gana ta yau, suka faɗa Togo daga yamma, na Faransa daga Dahome. A wannan tafiya ce Alhaji Grunshi ya yi harbin da ake ɗauka shi ne na farko da wani sojan Ingila ya yi a duk Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗan arewa ne, sunansa ma ya faɗi asalinsa. An gwabza a kogin Chra ranar 22 ga wata, Jamusawa suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26. A cikin wannan wata na Agusta Yendi ta koma hannun Ingila, abin da ya buɗe hanyar sake haɗe Dagomba wuri guda. Sunan wannan nasara ta Kamina ne aka laƙaba wa barikin soja na Tamale.

Me ya sa 'yan arewa suka cika rundunar Gold Coast? Turawan mulki sun ce jarumta ce a jininsu. Wannan magana ba ta gamsar da ni ba, domin yabo ne mai arha daga wanda ke neman ɗan aike zuwa bakin wuta. Wasu sun ce talauci ne kurum. Da gaskiya a ciki, amma wa ya tsare talaucin? Gwamnatin mulkin mallaka ta riƙe arewa a matsayin rumbun 'yan ƙwadago na ma'adinai da gonakin koko, ta yi rowar makarantu, sannan lokacin yaƙi ta ɗora wa sarakuna nauyin kawo samari. Saurayin da sarkinsa ya nuna da yatsa ba za a ce da kansa ya zaɓi kaki ba. Nan ne, a ganina, gaskiyar take.

Akwai kuma masu cewa rundunar ta Hausawa ce zalla, tun da daga "Hausawan Glover" na yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 ta samo tushe. Mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba: Hausa ce harshen bariki, amma da yawa daga masu ɗaukar bindigar Gurunsawa ne da Dagomba da Farafara da Mosawa.

A Yaƙin Duniya na Biyu jikokin wannan runduna sun yaƙi Italiya a Habasha, sannan Japan a Bama, inda suka kama Myohaung a Janairu 1945. Da suka dawo aka yi musu riƙon sakainar kashi, har aka harbe uku daga cikin tsofaffin sojoji a Akara ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna neman haƙƙinsu.

Yau a Yendi ana kai baƙi su ga kaburburan Jamusawa. A Tamale akwai Kamina, akwai barikin Barwah mai ɗauke da sunan janar ɗin da aka kashe a juyin mulkin 1966. Sunan bariki kuwa bai isa ba, domin yaro zai wuce ƙofarsa kullum bai san komai ba. Ina kira ga sarakuna da malaman zango da hukumar birni su bi gida-gida, su tattara sunaye da hotuna da lambobin kakanninmu tun masu ba da labarin suna raye, a rubuta su a wurin da kowa zai karanta.