Baƙo Raɓa Ne: Tarihin Mawaƙan Coci na Hausa da Ban Kwanansu a Kurmi

Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Ikko, dattijo ɗan ƙasar Filato wanda ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda, ya tako har ƙofar gidana ya ce, "Malam, ran Lahadi 'yan cocinmu za su yi mana ban kwana, ni da mamar yara, za mu koma gida. Ka zo ka ci shinkafa." Na ce, "Baba, ai ko ba shinkafa zan zo." Shekara talatin da ɗoriya yana cikin ƙungiyar mawaƙan sashen Hausa, matarsa kuwa ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata. Abin da na gani a ranar shi ya sa na waiwayi asalin wannan jama'a, waɗanda addininmu ya bambanta da nasu a wajen akasarinmu, amma harshe da zaman baƙunci suka haɗa mu.

Tushen abin yana Zariya. A shekarar 1900 Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS, Sarki Alu ya ce su kama gabansu. A 1905 Mila ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1913 wasu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka zo wurinsa, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba su yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe jama'a, waɗanda suka tsira suka watse. A 1929 kuma aka tashi mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai. Ke nan tun farkon farawa wannan jama'a da ƙaura ta saba.

A ɗaya gefen kuma, mishan ɗin SIM ya kafu a Pategi a 1902, SUM ta sauka Wase a 1904, 'yan mishan na Brethren suka zauna a Garkiɗa a 1923. Sun tarar da ƙabilu barkatai, kowacce da yarenta, amma a kasuwa Hausa ake yi. Saboda haka da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, sai Hausa ta zama harshen sujada ga Angasawa da Birom da Tangale da Bura da Bajju da sauransu. Littafin Waƙoƙi ya bi bayansa gida-gida. Daga waɗannan mishan ne aka sami ECWA a 1954, da tarayyar da a yau ake kira TEKAN a 1955.

To, amma waƙoƙin farko fassara ce daga Turanci, an ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turawa. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, in ka karkata sautin kalma sai ma'ana ta gudu. Shi ya sa mutane suka shiga tsara nasu, da bayarwa da amshi kamar yadda ake yi a gona da wajen daka. Mata su suka fi ƙarfi a nan. Zumuntar Mata ta shigo da tulu da kacau-kacau da ƙuge cikin coci, aka ɗinka anko. A shekarun 1960 ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta taso daga Jos da nata salon na maza. Rediyon ELWA daga Laberiya, wanda ya fara aiki a 1954, da shirin Muryar Bishara da ake watsawa ta Addis Ababa daga 1963 zuwa 1977, suka kai waɗannan waƙoƙi wuraren da ƙafa ba ta kai ba.

Yaya aka yi suka gangaro kurmi? Hanyar da ta kawo kakanninmu fatauci ita ta kawo su aiki. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka keɓe Sabo na Ibadan a 1916, hanya ta buɗe. Sojan mulkin mallaka kuwa da Hausa ake ba shi umurni, kuma 'yan tsakiyar ƙasa sun cika bariki. Duk inda aka kafa barikin soja ko na 'yan sanda, ko kwatas na ma'aikatan reluwe, sai ka ji sujadar Hausa ta tashi. Shi kansa Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar nan daga barikin Dodan tsakanin 1966 da 1975, a Wusasa ya tashi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara yawan sojoji ninkin-ba-ninkin, iyalansu suka biyo su Ikeja da Ojo da Ibadan da Fatakwal.

Sai dai ma'aikacin gwamnati ba ya da turke. Yau takardar canjin wurin aiki, gobe ritaya, domin doka ta ce shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa. Babbar girgiza ita ce ta Abuja. Janar Murtala Muhammed ya yanke shawarar ƙaurar da babban birni a 1976, Janar Babangida ya tare can ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikatu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka zauna Ikko a lokacin ba su manta ba. Masallatanmu sun rasa mutanen sahun gaba, su ma cocin Hausa sun rasa muryoyi.

Wannan yawan rabuwa shi ya sa ban kwana ya zama al'ada mai tsari a wurinsu. A ranar maƙwabcina, bayan wa'azi aka kira shi da matarsa gaba. Kowace ƙungiya ta tashi ta yi waƙarta, aka miƙa kyaututtuka, atamfa da kwanuka da agogon bango da ambulan na kuɗin mota. Sai dattijon ya karɓi magana ya ce duk wanda ya ɓata wa rai cikin shekarun nan ya yafe masa, shi ma ya yafe. A nan gabana ya faɗi, domin haka mu ma muke yi in ɗayanmu zai bar zango. Da matarsa ta ba da waƙar ƙarshe, amshi ya gagari mata, sai tulu kaɗai ke tashi. Gaskiyar Hausawa, sabo ake yi wa kuka.

Ga inda gizo ke saƙar. Abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi yana nan, ba inda za shi. Amma waƙoƙin mata da na Sabon Rai da dama a ka suke, ba a takarda ba. Ranar da mai bayarwa ta hau mota zuwa Pankshin ko Biliri, da taskarta ta tafi. Yaran da aka haifa a nan kuwa sun fi sakewa da Turanci da Buroka da Yarbanci, da yawansu sujadar Turanci suke shiga. Kada wani ya ce wannan matsalarsu ce su kaɗai. Mu leƙa gidajenmu a Agege da Idi-Araba da Sabo, mu ƙirga 'ya'yanmu nawa ke iya karanta wasiƙar Hausa ba gargada.

Shawarata ga shugabannin mawaƙa ita ce kada a jira ranar ban kwana. Waya tana aljihun kowa, a zaunar da tsofaffin nan a ɗauki muryarsu, a rubuta wanda ya tsara kowace waƙa da garin da ta fito. Mu ma mu yi haka da dattawan zangonmu, masu tarihin fatauci da mahauta da malamai. Baƙo raɓa ne, in rana ta ɗaga sai a nemi inda ya kwana a rasa.

Baba da Mama, Allah ya kai ku gida lafiya, ya sa ku iske alheri. In kun sami sarari ku leƙo mu, zumunta a ƙafa take. Masu karatu, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.