Daga Dinyar Masar Zuwa Ɓeran Ɗakin Bincike

Mai karatu, idan likita ya duba hoton cikinka ya ce kitse ya taru a hantarka, ka sani ɗan Adam ya daɗe da iya jawo wannan cuta da gangan, amma a jikin dabba. A kaburburan Sakkara na ƙasar Masar akwai zane-zanen da suka haura shekara 4,000, na barori suna yi wa dinyoyi ɗura. Rumawa kuwa ɓaure suke ɗura musu har hantar ta cika, shi ya sa kalmar hanta a Faransanci da Italiyanci daga sunan ɓaure ta samo asali. Su dai daɗin baki suke nema.

Binciken gaske a birnin Toronto na Kanada ya kankama. Bayan gano insulin a 1921, an lura cewa karnukan da aka cire wa gaɓar da ke samar da shi, aka rayar da su da allura, hantarsu tana cika da kitse. A 1932 Charles Best da abokan aikinsa suka ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo, suka nuna cewa sinadarin kolin yana hana kitsen taruwa. Daga baya aka juya dabarar: a cire kolin da metiyonin daga abincin ɓera, cikin makonni hantarsa ta kumbura, ta soma tabo.

Sai dai wannan ɓeran ramewa yake yi. Majiyyata 20 da Jurgen Ludwig ya bayyana a asibitin Mayo na Amurka a 1980, waɗanda ba giya ce ta lalata musu hanta ba, akasarinsu masu ƙiba ne, wasu da ciwon sukari. Hantar ta yi kama, jikin bai yi ba. Dole masu bincike suka koma ga abinci mai yawan mai da sukari da kolestarol. Wannan ya fi kusa da halinmu, amma yana cin watanni, tabon kuma sau da yawa bai kai na mutum ba.

Magunguna da dama sun warkar da ɓeraye, suka gaza a kan mutane. Sai a Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko, resmetirom, shi ma ga waɗanda tabonsu ya yi nisa. Saboda haka idan ka kawo mini kwalbar "wankin hanta" mai cewa an gwada ta a kan ɓeraye, zan tambaye ka: wane ɓera, me aka ciyar da shi? Abin da aka gwada a kan mutane ya yi aiki shi ne rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, ga mai ƙiba.